Bangon albam ɗinmu ya fito a dushe: laifin mai zane ne ko na maɗaba'a?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema, kuma gaskiya raina a jagule yake. Yayana sha'iri ne, ya shekara biyu yana haɗa ƙasidu takwas na begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. An sa ranar ƙaddamarwa, saura kwana 12, ni kuma aka ɗora wa aikin bangon faifan. Wani ƙanin abokina ya zana mana a wayarsa, kore shar da ratsin ruwan zinare, duk wanda na nuna wa sai ya ce masha Allah. Jiya na karɓo guda 500 daga maɗaba'a. Koren nan ya koma kamar miyar kuka. Fuskar Yaya dishi-dishi, gefen rawaninsa kamar haƙoran zarto. A bayan bangon, inda aka rubuta Ɗan Amina, harafin farko ya zama wani ɗan akwati, sunan ƙasida ta takwas kuma wuƙar yanka ta cinye rabinsa. Mai maɗaba'a ya ce abin da na kawo shi ya buga. Yaron ya ce nasa lafiya lau yake. Wa zan riƙe?

Mai Zanen Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, Allah ya mayar da alheri. Kafin a riƙe kowa, ta yaya zanen ya je hannun mai maɗaba'a? A filasha, ko ta waya?

Ɗan Rigasa: Yaron ya sa a status ɗinsa, na ɗauki sikirinshot, na yanke gefe, na tura wa mai maɗaba'a ta WhatsApp. Jerin sunayen ƙasidun kuma na tura a rubuce, yaronsa na kwamfuta ya shirya bayan.

Mai Zanen Tudun Wada: To ga rabin ciwon nan. Shiga bayanan hoton ka duba girmansa, lamba biyu za ka gani.

Ɗan Rigasa: 720 x 720.

Mai Zanen Tudun Wada: Bari mu yi lissafi tare. Hoto a waya ko kwamfuta ƙananan ɗigo ne a jere, su ake kira fiksal. Idan za a buga abin da mutum zai riƙe a hannu ya kalla kusa, ana son ɗigo 300 a kowane inci. Gaban bangon CD milimita 120 ne kowane ɓangare, wato inci 4.72. Ka ninka da 300, kana buƙatar kimanin fiksal 1417 ke nan a tsaye da a kwance. Naka 720 ne. In ka raba shi a kan inci 4.72, ɗigo 152 kacal ya samu, rabin abin da ake nema. Injin ba ya ƙirƙiro abin da babu, buɗa ɗigon nan ya yi don su cika takarda, shi ne haƙoran zarton da ka gani. Kuma kafin ma a kai nan, hoton ya sha matsa sau biyu: da aka ɗora shi a status, da kuma da ka tura shi a matsayin hoto. In za ka tura aikin ɗab'i ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin Document, a nan ba a taɓa fayil ɗin.

Mai Situdiyon Kawo: Ni tambayata daban ce. A wannan zamanin wa yake sa faifai? Motoci ma yanzu da yawa ba su da wurin sa CD. Ku ɗora a Audiomack da YouTube, ku ba masu turi a kasuwa su sa wa mutane a memori. Kuɗin sake bugu ku yi bidiyo da shi.

Ɗan Rigasa: Yallaɓai, duk za mu ɗora. Amma ranar ƙaddamarwa me babban baƙo zai ɗaga ya nuna wa jama'a? Me za a miƙa wa wanda ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai nauyi? Kuma dattawan zawiyarsu Yaya har yanzu da rediyo mai faifai suke ji.

Mai Situdiyon Kawo: Wannan kam haka ne, ƙaddamarwa sai da abin riƙewa. Amma 500 ya yi yawa a ganina.

Baba Mai Inji: Ɗana, na karanta duka. Na fara aikin inji tun lokacin da ake raba kala a kan fim kafin a ƙona filet, wato farantin da ake ɗaura wa inji ya buga da shi, don haka bari in yi maka maganar koren, shi ne ya fi ci maka rai.

Allon waya haske yake fitarwa. Fitilu uku ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, su ne RGB. Takarda ba ta da fitila, tawada ce a kanta, hasken ɗaki ko na rana ke dukanta ya dawo idonka. Mu tawada huɗu gare mu: sayan, wato shuɗi mai haske, da majenta, da rawaya, da baƙi. Su ne CMYK. Kore ba ya cikinsu, sai mun haɗa sayan da rawaya muke samunsa. Koren da waya ke kunnawa, mai ƙyallin nan kamar fitilar masallaci da daddare, babu haɗin tawada huɗun nan da zai kai shi. Haka shuɗi mai ƙarfi yakan karkata ya koma kamar shunayya, ruwan lemo ya yi duhu. Ruwan zinaren ma a takarda rawaya ce mai ƙasa-ƙasa, sai in za a manna zinaren foyil, wanda aiki ne daban da kuɗi daban.

Duk da haka kore mai kyau yana samuwa. Sayan mai yawa, rawaya cikakkiya, kada a bar majenta ko baƙi su shiga, su ke kashe shi. Naka kwamfuta ce ta juya shi da kanta ba wanda ya duba, ta zuba masa abin da ta ga dama.

Ɗan Rigasa: Allah ya ƙara girma Baba. Ke nan mai maɗaba'a ba shi da laifi?

Baba Mai Inji: Yana da shi, kuma ba zan rufa wa ɗan sana'ata ba. Wanda aka kawo wa hoto mai fiksal 720, ya buɗe ya gani da idonsa, haƙƙinsa ne ya ce wannan ba zai yi ba. Sannan ba a buga 500 sai an fitar da guda ɗaya, mai kaya ya gani ya sa hannu a bayansa. Ya nuna maka samfuri?

Ɗan Rigasa: A allon kwamfutarsa ya nuna mini gaban kawai. Ni ma ina sauri, na ce a buga.

Mai Zanen Tudun Wada: Baba ka yi haƙuri, a nan na ɗan saɓa. Masu kawo aiki ba sa ba da lokaci. Ka ce wa mutum hotonsa bai isa ba, sai ya ce ai a wayarsa ya fito ras, in ba za ka iya ba ya kai gaba. Sau nawa aka yi mini haka. Tun da ya ce a buga, nauyin ya koma kansa.

Baba Mai Inji: Ya ce a buga abin da aka nuna masa. An nuna masa bayan? Akwatin nan da ya maye gurbin Ɗ a allon yaron maɗaba'a ya fara bayyana kafin ya hau takarda. Ido ne bai duba ba. Kuma yankan da ya ci rubutu, su suka shirya bayan, su suka yanka.

'Yar Poly: Ina goyon bayan Baba. Maganar Ɗ ɗin nan tana damuna ƙwarai, don kullum ina ganinta a katin biki da kalanda da allunan talla a kan titin Ahmadu Bello. Yawancin salon rubutu na ado da ake saukewa kyauta ba a yi su da ƙ da ɗ da ɓ ba. In ka liƙa rubutun Hausa a ciki, ko dai akwati ya fito, ko manhajar ta aro harafin daga wani salon, sai ka ga ɗ ɗin ta fi sauran siranta kamar baƙuwa. Masu gudun wahala kuma sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki. Tun shekarun 1930 haruffan nan suke cikin rubutun boko, an buga jarida da littattafai da su a Zariya lokacin da ake jera harafi da hannu. Bai kamata a ce yau da kwamfuta mun kasa ba. Akwai salo na kyauta masu ɗauke da su: Noto Sans da Noto Serif na Google, da Charis da Andika na SIL. Kafin ka zaɓi salo, rubuta Ɓ Ɗ Ƙ ɓ ɗ ƙ ka gani ko duka shida sun fito daidai.

Mai Zanen Tudun Wada: Ƙanwata kin faɗi gaskiya. Ni in mai kaya ya nace sai wani salon ado, nakan rubuta da d ko k, in mayar da rubutun zane, sannan in ja lanƙwasar da hannu. A manhajar zane ta CorelDRAW Ctrl+Q ne ke mayar da rubutu zane, a Illustrator kuma Ctrl+Shift+O. Ko da salon yana da haruffan, ka yi wannan kafin ka kai aiki, domin in kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon da ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani, layuka su goce. Amma ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, don bayan Ctrl+Q ba ka iya gyara kuskuren harafi. Larabci ya fi tsanani: wasu manhajojin sukan wargaza haruffan su jera su daga hagu. Tun da ƙasidu ne, na san akwai salati ko basmala a bangon. A ba wani malami ya karanta samfurin da idonsa.

Hajiyar Malali: Wannan ya tuna mini. Ɗana, guda 500 ɗin da suka lalace, in akwai sunan Allah ko na Annabi a jiki, don Allah kada a bar su a maɗaba'a. Tarkacen takarda sayar da shi ake yi, ƙarshenta a ƙunshe ƙosai ko gyaɗa da shi. Ku kwaso abinku har da na gwajin inji, ku tambayi malamai yadda za a yi da su.

Ɗan Rigasa: Wallahi Hajiya ban yi wannan tunanin ba. Na gode, gobe zan koma in tambayi ragowar.

Ɗan Badarawa: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne na yi zanen, yanzu aka sa ni a zauren. Ban san an ɗauki sikirinshot ba, na zaci za a nemi asalin. Yana nan a manhajar Canva, 3000 x 3000 na yi shi saboda haka masu ɗora waƙa a intanet ke nema. Amma maganar CMYK yau na fara jin ta. Zan iya fitar da shi PNG, na ji an ce ya fi JPEG.

Mai Zanen Tudun Wada: Madalla da ka fito, kuma ka yi abin kirki da ka faɗi iyakar saninka. Fiksal 3000 a kan bangon CD ya haura ɗigo 600 a inci, ninki biyu na abin da ake so. Aikinka bai mutu ba.

Mai Situdiyon Kawo: Ya fitar da PNG ɗin kawai, ai shi ba ya rage inganci. Ni duk fastocina da shi nake kaiwa.

'Yar Poly: Yaya, rabin maganarka daidai ne. JPEG, wanda aka tsayar a 1992, matse hoto yake yi ta hanyar zubar da abin da ido ba zai lura ba. Yana raba hoton gida-gida, fiksal 8 sau 8, shi ya sa in an matse shi da yawa kake ganin dabbare-dabbare a gefen rubutu. Duk lokacin da aka buɗe aka gyara aka sake adanawa, sai ya ƙara zubar da wani abu. PNG ba ya zubar da komai, kuma yana riƙe bayan hoto a buɗe, shi ya sa ya dace da tambari. Amma don allo aka yi shi a 1996, sam ba ya ɗaukar CMYK. Duk PNG ɗin da ka kai, sai an juya kalarsa a can, ko ka sani ko ba ka sani ba. In hoto ne zalla ake so na ɗab'i, TIFF ne: ba ya zubar da komai, kuma yana ɗaukar CMYK. In shafi ne mai hoto da rubutu, PDF ne, domin a cikinsa rubutu yana zama zanen layi da lissafi ke ja, ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya fashewa. A PNG ko JPEG kuwa har rubutun ɗigo yake komawa. Akwai ma nau'in da aka tsara musamman don maɗaba'a, PDF/X-1a, wanda ba ya yarda da RGB kuma dole salon rubutu ya tafi a cikinsa.

Mai Situdiyon Kawo: To me ya sa fastocina ke fitowa da kyau?

Baba Mai Inji: Saboda a DI kake bugawa, injin da ke bugu kai tsaye daga kwamfuta ba filet. Shi yakan karɓi RGB ya juya da kansa, sau da yawa kuma ya yi kyau. Sannan fasta daga nesa ake kallonta. Shi ya sa kullum nake cewa a fara tambayar wane inji za a hau kafin a buɗe kwamfuta. In Kord ce, injin nan mai filet, kala ɗaya take bugawa a lokaci guda, takardar sai ta ratsa ta sau huɗu. Tsakanin ratsawa ta farko da ta huɗu takarda tana motsi, da damina ta sha danshi ta buɗe, da hunturun Kaduna ta bushe ta takure. Ku ɗauki gilashin ƙara girma ku duba ƙaramin baƙin rubutu a wani katin biki, za ku ga inuwar ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗayan. Wannan baƙin RGB ne aka juya, ya watsu a filet huɗu, suka kasa hawa kan juna daidai. Ƙaramin rubutu baƙi ɗari bisa ɗari kawai ake sa masa, sauran ukun sifili. Babban fili na baƙi ne ake ƙara wa sayan 60, majenta 40, rawaya 40 don ya yi baƙi ƙirin. Siririn farin rubutu a kan kore mai duhu ma ku yi hankali da shi, tawada takan cike shi. Ku ba shi kauri.

Ɗan Badarawa: Baba, rarar gefen da ake bari saboda yanka fa? Ita ce ban gane ba.

Baba Mai Inji: Wuƙa takarda ɗari-ɗari take yanka a sara ɗaya, ba ta faɗa wa kowace a layi ɗaya cif. Don haka launin bayan zanenka ya wuce layin yanka da milimita 3 kowane gefe. Bango mai 120 sai ka zana shi 126. In wuƙa ta goce waje, kore za ta samu, ba farin takarda ba. Rubutu kuma ka janye shi ciki, aƙalla milimita 3 daga layin yanka, in da hali 5. Sunan ƙasida ta takwas a bakin layi aka ajiye shi, shi ya sa ya tafi.

Mai Zanen Tudun Wada: A Canva in ka zo saukewa zaɓi PDF Print, ka kunna alamar yanka da rarar gefe. Sai dai ni shawarata, kawo mini shi shago mu ɗora a CorelDRAW, don kusan duk maɗaba'un garin nan da shi suke aiki. Mu tambayi wanne suke da shi, saboda tsohon Corel kamar X7 ba ya buɗe fayil ɗin sabo sai an adana shi a matakin tsohon. Na fi son mu kai PDF da CDR, wato fayil ɗin Corel, duka a filasha. Ɗan Rigasa, wane irin gida faifan zai shiga?

Ɗan Rigasa: Na roba mai tauri, mai buɗewa kamar littafi.

Mai Zanen Tudun Wada: To bayansa ba murabba'i ba ne. Kusan milimita 151 ne a kwance, 118 a tsaye, a ciki har da ƙashin baya biyu, kowane wajen milimita 6 da rabi, da ake lanƙwasawa. Nan ake rubuta sunan sha'iri da na albam. Ka zo da gidan guda ɗaya mu auna da rula, don na kasuwa sukan ɗan bambanta. Shi kansa faifan faɗinsa 120 ne, ramin tsakiya 15, in za a buga hoto a kansa kada fuska ta faɗa ramin.

Hajiyar Malali: Ni sana'ata ɗaukar hoto ce, don haka bari in tambaya: hoton Malam da ke gaban, daga ina?

Ɗan Badarawa: Daga Facebook na ɗauko, Hajiya. Na sa shi a manhajar da ke ƙara wa hoto haske.

Hajiyar Malali: Ka gani ko, yarona. Zanenka 3000 ne, amma fuskar da ke cikinsa ƙarama ce aka buɗa. Canza lambar ɗigo a inci daga 72 zuwa 300 ba ya ƙara wa hoto komai, manhajojin nan kuma ƙirƙirar fata da ido suke yi, har mutum ya daina kama da kansa. Kuma hoton yana da mai shi, wanda ya ɗauka, ba a tambaye shi ba. Ɗan Rigasa, kawo Malam gobe da hantsi, ya sa rawanin da alkyabbar da yake so. Zan ɗauke shi kyauta saboda Manzon Allah, in ba ku asalin fayil ɗin a filasha.

Ɗan Rigasa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Na gaya wa Yaya, ya ce ƙarfe goma muna nan.

Mai Situdiyon Kawo: Tun da za ku sake, ku sa lambar QR a baya da za ta kai mutum inda kuka ɗora waƙoƙin. Baƙa a kan fari, kada ta gaza santimita 2, a bar mata fili kewaye. Ku gwada ta da wayoyi biyu ko uku a kan samfurin. Kuma ina nan kan bakata, ku buga 200 a DI tukuna, in sun ƙare a ƙara.

Baba Mai Inji: A wannan na bi bayanka. Kwana 12 ya yi kaɗan a tsaya jiran filet da bushewar tawada. Takarda mai sheƙi giram 150 ta isa gidan roba, kati mai 300 ba zai shiga maƙalan murfin da daɗi ba. Maganar kuɗi kuwa, ɗana, ka je masa da lalama, ka nuna masa akwatin da yankan. Gaban kai ka kawo, bayan shi ya shirya. In mai adalci ne zai ɗauki rabi.

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum, ga yadda aka kwana bayan kwana uku. Hajiya ta ɗauki hoton, mun zauna a shagon Tudun Wada ni da Ɗan Badarawa har bayan isha'i, shi ya riƙe linzamin kwamfutar ana nuna masa. Na koma wurin mai maɗaba'a kamar yadda Baba ya ce. Da ya ga akwatin ya yi shiru, ya kira yaronsa ya nuna masa, ya ce kuɗin bugun baya a kansa. Ragowar takardun ma ya tattaro mini a buhu. Yau aka fitar da samfuri ɗaya. Koren bai kai na waya ƙyalli ba, amma kore ne sosai, kuma har zaren alkyabbar Yaya ana gani. Malaminsu ya karanta salatin ya gyara wasali ɗaya, aka sake fitarwa, na sa hannu a baya. Guda 200 za a buga, Alhamis zan karɓa.

'Yar Poly: Ɗ ɗin fa, Yaya?

Ɗan Rigasa: Ta fito da lanƙwasarta, har a ƙashin baya. Baba, in na karɓo zan kawo maka guda ɗaya ka duba da gilashinka kafin mu saka su a gidajensu.

Baba Mai Inji: Kawo biyu, ɗaya daga saman tarin, ɗaya daga ƙasa. Ina shago bayan la'asar.